Takardar wakilci a cinikin fili da banki: ina ta fara, ina ta tsaya?

Mai Kula da Zaure: Assalamu alaikum jama'a. Maganar da aka faro daren jiya ta watse cikin gaishe-gaishe, don haka na dawo da ita nan. Ga tambayar a taƙaice: mutum ya sayi fili mai satifiket, wato takardar shaidar haƙƙin zama da gwamnati ke bayarwa, ba a canza suna ba, sai mai filin ya sa masa hannu a takardar wakilci, wadda 'yan kasuwar ƙasa ke kira fawa-of-atoni, aka rubuta a kanta cewa ba a soke ta. Shin ya mallaki filin? Lauyoyi da malamai da dillalai duk kuna ciki, bismillah.

Lauyan Filaye: Wa alaikumus salam. Bai mallaka ba. Kotun Ƙoli ta yanke wannan tun 1993 a shari'ar Ude da Nwara: takardar wakilci ba ta ɗauke mallaka daga wani ta kai wa wani, izini ne kawai na ka yi wani abu a madadina, da sunana. Idan wakilin ya yi amfani da izinin ya sayar, to takardar sayarwar da ya sa wa hannu ita ce ta mallakar, ba takardar wakilcin ba. Mai riƙe da fawa-of-atoni kaɗai, a idon ofishin ƙasa, ɗan aiken mai satifiket ne, ko da ya biya kuɗinsa cif.

Dillalin Ƙasa: Barista, ranka ya daɗe, a littafi haka ne. A kasuwa kuwa da yawa daga cikin filayen da ke juyawa a Abuja da Kano da Kaduna da ita suke juyawa, kuma ba don jahilci ba. Takardar mallakawa, wadda ke mayar da filin hannun mai saye, sai an nemi amincewar gwamna, a Abuja ta minista, a biya kuɗin amincewa, kuɗin hatimi, kuɗin rajista, a share bashin harajin ƙasa, sannan a zauna jiran fayil ya zagaya tebura. Wanda ya sayi fili don ya sayar bayan wata huɗu ba zai bi wannan dogon layin ba. Ya karɓi asalin satifiket, ya karɓi rasit, ya karɓi wakilcin da ba a sokewa, ya sa shinge. Me kuma ya rage?

Lauyan Filaye: Abin da ya rage, Alhaji, shi ne sunan da ke cikin fayil. Sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya hana mai haƙƙin zama da gwamna ya bayar ya sayar, ko ya jinginar, ko ya miƙa filin ba tare da amincewar gwamna ba, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ɓatacce ne. Shari'ar Savannah Bank da Ajilo ta 1989 ta nuna ba wasa ake yi da wannan sashen ba, don banki ne sukutum ya rasa jinginarsa saboda rashin amincewar. To duba abin da ke biyo baya idan sunan bai canza ba. Idan gwamnati ta soke haƙƙin don za ta yi titi, sanarwar sunan mai satifiket za ta nema. Takardar neman harajin ƙasa sunansa. Idan ya je ya rantse cewa satifiket ya ɓata, ya nemi kwafi, ofis shi ya sani. Kuma a shari'ar Chime da Chime ta 2001 Kotun Ƙoli ta ce ba da wakilci ba ya cire wa mai dukiya ikon ya sayar da kayansa da kansa muddin wakilin bai riga shi ba. Wato hannu biyu ne a kan fili ɗaya.

Dillalin Ƙasa: To kalmar "ba a sokewa" ado ce kenan?

Malamar Tsangayar Shari'a: Ba ado ba ce, amma ba ta kai inda kuke kai ta ba. Bari in ɗan gyara wa Barista kaɗan, don kada a ɗauka takardar banza ce. A mafi yawan jihohin Arewa har yanzu dokokin mallakar da filaye na Ingila na 1881 da 1882 ake bi, saboda suna cikin dokokin da ke aiki a can kafin 1 ga Janairun 1900 da muka gada. Jihohin tsohuwar Yamma kuma suna da tasu ta 1959. Sashe na 8 na dokar 1882 ya ce idan an ba da wakilci a kan wani abin da aka biya, aka kuma rubuta a jikinsa cewa ba a sokewa, to mai bayarwa ba zai soke shi shi kaɗai ba, kuma mutuwarsa ko haukansa ko karyewar arzikinsa ba su rushe shi ba. Sashe na 9 ya ba da irin wannan kariyar ko ba a biya komai ba, amma na wa'adin da bai wuce shekara ɗaya ba, kuma sai an rubuta wa'adin.

Abu biyu ake mantawa. Na ɗaya, kariyar an yi ta ne don wanda ya saya daga hannun wakili, ba don ta mayar da wakilin mai fili ba. Na biyu, sharuɗɗan biyu sai sun haɗu. Takardu da yawa sai ka ga an buga "ba a sokewa" da manyan baƙaƙe a sama, amma ka karanta har ƙasa babu inda aka ambaci ko kwabo da aka biya, saboda ana gudun kuɗin hatimi. Wannan mai ita ya ɗaure akuyarsa da zaren ɗinki.

Lauyan Filaye: Na karɓi gyara, Malama. Abin da zan ƙara shi ne ko sharuɗɗan sun cika, ranar da mai satifiket ya rasu magada za su lissafa filin cikin gado, kai kuma sai ka shiga kotu ka tabbatar da ka biya. Za ka iya yin nasara idan kana da rasit kuma kana zaune a wurin, domin kotu tana kare haƙƙin wanda ya biya ya shiga. Amma shekarun da za ka yi da kuɗin lauya sun ninka kuɗin amincewar da ka guje wa.

Tsohon Magatakarda: Akwai wata ɓaraka da ba ku taɓo ba, kuma ita ta fi yawa a fayiloli: sarƙa. Na farko ya wakilta na biyu, na biyu ya sayar ya wakilta na uku, har a kai na biyar. Ƙa'ida ita ce wakili ba ya naɗa wani wakili sai in takardar farko ta ba shi wannan ikon a fili. Idan ta farko ba ta da wannan layin, duk na bayanta sun rataye a iska. Wanda zai saya ya nemi a jera masa takardun tun daga ta farko, ya duba layin naɗa madadi a kowace, ya duba ranakun suna bin juna, ya kuma tabbatar na farkon yana raye ranar da aka sa hannu a ta biyu. Sau da yawa a nan ake kama ƙarya: takarda ɗauke da sa hannun mutum watanni bayan an yi masa sadakar arba'in.

Malam Mai Fiƙihu: Assalamu alaikum. Tun da yawancinmu idan rigima ta tashi gaban alƙali ake fara zuwa, bari a ji ɓangaren fiƙihu. Wakala halal ce. Samarin kogo sun aiki ɗayansu da azurfarsu ya sayo abinci, kamar yadda ya zo a aya ta 19 ta Suratul Kahfi, Annabi (SAW) kuma ya ba Urwatul Bariƙi dinari ya sayo masa akuya. Malikawa sun raba ta biyu: keɓantacciya, wadda aka ce sayar mini da wannan gonar, da mufawwala, wadda aka sakar wa mutum komai. To ko a mufawwalar, Muktasar na Halil ya cire wasu abubuwa da ba sa shiga sai an ambace su da suna: sakin matar mutum, aurar da budurwar 'yarsa, da sayar da gidan da yake zaune a ciki. Ku lura da na ukun. Ɗa ya riƙe takardar "kula da dukkan harkokin Baba", ya sayar da gidan da Baba ke kwana a ciki, wannan cinikin bai zartu ba sai Baba ya yarda.

Sannan wakili ba ya sayar wa kansa, ko yaron da ke ƙarƙashin kulawarsa, abin da aka ba shi ya sayar, sai da izinin mai kaya. Idan ya karyar da farashi ƙasa da na kasuwa yadda ba a saba ba, ko ya bayar bashi ba a ce masa ba, mai kaya yana da zaɓi, ya zartar ko ya warware. Wakili amini ne, idan kaya ya salwanta ba da sakacinsa ba babu ramuwa a kansa. Amma idan aka ba shi kuɗi ya biya bashi, ya biya bai kafa shaidu ba, mai bin bashi ya musa, to shi zai rama.

Malamar Tsangayar Shari'a: Allah gafarta Malam, abin sha'awa shi ne kotunan boko ma can suka nufa ta wata hanya. Suna karanta takardar wakilci a ƙuntace. Idan an lissafa ayyuka, karɓar haya, gyara, biyan haraji, sannan a ƙarshe aka ce "da duk wani abin da ya dace", wannan jimlar ta ƙarshe ba ta buɗe ƙofar sayarwa ko jingina ba, ana fassara ta ne a cikin da'irar ayyukan da aka lissafa. Ikon sayarwa ma bai ƙunshi ikon yin kyauta ba, bai ƙunshi cin bashi da sunan mai dukiya ba.

Dillalin Ƙasa: Malam, to idan mai wakiltawa ya rasu wakilin bai ji ba, ya riga ya sayar fa? Mutum yana Saudiyya ko Sudan, labari bai iso ba.

Malam Mai Fiƙihu: Idan ya ji labarin mutuwar, ya tuɓe nan take, babu saɓani a mazhaba, domin dukiyar ta zama ta magada tun daga numfashin ƙarshe. Idan bai ji ba, malaman mazhaba suna da magana biyu, alƙali ne zai duba. Amma yau da waya a aljihun kowa, da'awar "ban ji ba" tana da wuyar sha.

Malamar Tsangayar Shari'a: A dokar 1881, sashe na 47 ya kare wakilin da ya yi aiki da kyakkyawar niyya bai san an mutu ko an soke ba. Kariya ce daga a kama shi da laifi, ba lasisin ci gaba ba.

Ma'aikaciyar Banki: Bari in shigo ta nan, don wannan kullum sai an yi mana kuka a kanta. Takardar wakilci ba ta isa mutum ya zo kanta ya ce a ba shi kuɗin wani ba. Banki zai tura ta sashen shari'a, zai nemi ta ambaci asusun da abin da aka yarda a yi da shi, cirewa ne, ko tura kuɗi, ko sa hannu a cak, zai nemi katin shaida da BVN na wakilin, galibi kuma sai an cike fom ɗin bankin na ƙara mai sa hannu, an kuma tuntuɓi mai asusun. Ranar da banki ya samu labarin rasuwa, asusun ya tsaya, wakilcin ya tsaya. Daga nan sai takardar izinin kula da gado daga kotu. Masu riƙe katin ATM na mamaci suna cira da sunan "ai ni ya wakilta", su sani dukiyar marayu suke taɓawa, kuma kowace cira tana nan a rubuce da rana da sa'a.

Lauyan Filaye: Hajiya ta kawo mu inda ya fi ciwo. Mutane suna yin takardar ne don ranar da tsoho ya rikice, ya daina gane mutane. To wakilci na yau da kullum a ranar ne ma yake mutuwa, domin wanda hankalinsa ya gushe ba shi da ikon da zai ara wa wani. Ingila ta toshe wannan ramin da dokar 2005, ta fito da wakilci mai ɗorewa kashi biyu, na dukiya da na lafiya, wanda sai an yi masa rajista a ofishin gwamnati kafin ya yi aiki. 'Yan uwanmu da ke can sukan sauke wannan fom ɗin daga intanet su aiko a dangwala wa Baba a Zariya, alhali dokar da ta haife shi ba ta aiki a Najeriya. A nan idan hankali ya gushe, hanya ita ce kotu ta naɗa mai kula. Kuma kai wa tsohon da ya riga ya rikice takarda ya dangwala, wannan ba wakilci ba ne tun asali, duk wani magaji zai iya rushe ta da rahoton likita.

Malam Mai Fiƙihu: Haka yake a wurinmu, alƙali ke naɗa muƙaddami. A ƙara da maganar gidan gado: babban wa ba ya wakiltar ƙannensa don kawai shi ne babba. Kowane baligi, mace ko namiji, sai ya ba da nasa izinin. Yaro ƙarami kuwa ba ya wakiltawa, kuma a mazhabar Malik uwa ba ta zama mai iko da dukiyarsa kai tsaye sai in uban ya yi mata wasiyya ko alƙali ya naɗa ta. Takardar da magada bakwai cikin tara suka sa wa hannu, rabon bakwai ɗin kawai ta shafa.

Ɗan Maraɗi: Gaisuwa ga manya. A Nijar muna ce mata furokirasiyo. Dokar farar hula da muka gada daga Faransa ta faɗi abin da Malama ta faɗa ƙarara: wakilcin da aka rubuta a dunƙule bai wuce kula da dukiya ba, sayarwa ko jingina sai an ambata. Yana kuma ƙarewa da sokewa, ko wakili ya ajiye, ko ɗayansu ya mutu. Kuskuren da 'yan kasuwar Maraɗi da Katsina ke yi shi ne ɗaukar hatimin ofishin magajin gari ko na 'yan sanda a matsayin tabbatar da abin da ke cikin takarda. Hatimin yana shaida sa hannun ne kawai. Maganar gida mai takarda wurin notari, wato jami'in da doka ta ba ikon tabbatar da takardu, ake kai ta.

Tsohon Magatakarda: Tun da an zo kan hatimi, bari in jero yadda ake yin ta ta tsaya da ƙafarta a Najeriya, ko da Alhaji Dillali zai ce mun cika tsawaitawa. Lauya ne zai rubuta, ya sa sunansa da adireshinsa a jiki. Idan wakilin zai sa hannu a takardar mallakawa ko jingina, ita ma takardar wakilcin sai ta zama mai hatimi irin tasu, ba wasiƙa a fallen takarda ba. A rubuta cikakken suna da adireshin ɓangarorin biyu kamar yadda suke a katin shaida. A bayyana filin da lambar fuloti, lambar satifiket da unguwa, ba "filina na Kano" ba. A lissafa ayyuka ɗaya bayan ɗaya. Idan sayarwa ce a sa mafi ƙarancin farashi da asusun da kuɗin zai shiga, asusun mai filin, ba na wakili ba. A sa ranar ƙarewa.

Idan mai bayarwa ba ya karatun Turanci, ko makaho ne, sai an sa bayanin cewa an karanta masa an fassara masa da Hausa ya gane kafin ya dangwala, da sunan tafinta. Rashin wannan layin ya kashe takardu masu yawa. A sa hannu gaban notari ko majistare ko alƙali. Wanda ke waje ya je ofishin jakadancin Najeriya ko wurin notari na can. Amfanin wannan yana sashe na 150 na Dokar Shaida ta 2011: kotu za ta ɗauka an yi ta daidai har sai wani ya kawo hujjar akasin haka. In ba haka ba kai ne za ka nemo shaidun sa hannu. Daga nan a biya kuɗin hatimi, a kai rajista ofishin ƙasa na jihar da filin yake, KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja.

Dillalin Ƙasa: Rajistar dole ce, Baba? Na ji an ce Kotun Ƙoli ta sassauta.

Malamar Tsangayar Shari'a: Ta yi kai-komo. A shari'ar Benjamin da Kalio ta ce dokar jiha ba za ta hana kotu karɓar takardar da ba a yi wa rajista ba, sai kuma a 2019 a shari'ar Abdullahi da Adetutu ta koma kan tsohon matsayi cewa ba a kafa mallaka da ita. Lauyoyi na ta jayayya a kai. Amma ko an karɓe ta a kotu, rajista ce ke sanar da duniya kana nan, ita ce kuma ke tsara wa ya riga wa idan takardu biyu suka yi karo.

Lauyan Filaye: Sokewa ma tana da tsari, kuma a nan masu dukiya ke sakaci. Cewa "na fasa" a waya bai isa ba. A rubuta takardar sokewa, a kai wa wakili ya sa hannu ya karɓa, a karɓo asalin takardar wakilcin, a yi wa sokewar rajista inda aka yi wa ta farko, a rubuta wa banki da 'yan haya, a buga a jarida. Wanda ya yi ciniki da tsohon wakilinka bai san ka soke ba, ga takarda mai hatimi a hannunsa, kai za a bari da jidali.

Malam Mai Fiƙihu: Akwai wurin da ma ba a barin ka tuɓe shi. Wakilin husuma, wato mai tsaya wa mutum a shari'a, idan ya zauna da abokin shari'a gaban alƙali kamar zama uku, ba ka canza shi sai da uzuri, don kada a mayar da shari'a baya. Kuma akwai abin da ba ya karɓar wakilci ko kaɗan, kamar rantsuwa. Wanda rantsuwa ta hau kansa shi zai yi ta da bakinsa.

Malamar Tsangayar Shari'a: A babbar kotu kuma wakili yana shigar da ƙara ne da sunan mai wakiltawa, ba da sunansa ba, kuma takardar ba ta mayar da shi lauya. Ba zai rubuta wa mutum wasiyya ya sa hannu da fawa-of-atoni ba, ba zai yi masa zaɓe ba. Wani abin kuma, Malam, rigimar mallakar fili mai satifiket ɗin gwamna sashe na 39 na dokar 1978 babbar kotu kaɗai ya ba, don haka hukuncin da aka samo a kotun shari'ar Musulunci kan wannan yakan rushe a ɗaukaka ƙara.

Dillalin Ƙasa: To na ji. Amma ku ba mu abin da za mu iya yi gobe da safe, don mai saye ba zai jira gwamna ba.

Lauyan Filaye: Ku yi takardun tare a zama ɗaya, Alhaji. Kafin a biya, bincike a ofishin ƙasa, a ga sunan wa ke fayil, akwai jingina ko babu. Ranar biya mai satifiket da kansa, ba wakilin wakili ba, ya sa hannu a yarjejeniyar ciniki mai ɗauke da ainihin kuɗin, da takardar mallakawa, da wasiƙar neman amincewar gwamna, ya ba da hotunansa da kwafin katin shaida. Sannan a ƙara takardar wakilcin da ta ambaci kuɗin, ta ce ba a sokewa, ta ba da ikon naɗa madadi, aikinta shi ne bin fayil har a kammala. Kuɗi ta banki, daga asusun mai saye zuwa na mai satifiket. A shigar da neman amincewar cikin satin, tun mai sa hannun yana raye kuma ana ga-maciji.

Ma'aikaciyar Banki: A rubuta lambar fulotin a wurin bayanin tura kuɗin. Shekara goma nan gaba wannan layin zai fito a sitatimen ko rasit ya ɓata.

Tsohon Magatakarda: Kuma wanda ya riga ya sayi na sarƙa, ya nemi mai satifiket na farko tun yau. In ya rasu, a nemi magadansa da takardar kotu, su sa hannu a takardar mallakawa. Yawanci sai an ɗan ba su na goro.